Oksimita, ƙaramar na'urar nan ta yatsa mai auna oksijin: abin da na gani da muka yi jinya da ita

Jama'a masu ta tambayata ko ƙaramar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa ta cancanci a saya a ajiye a gida yanzu da tari da mura suke ta kwantar da mutane, to amsata eh ce, ku saya, musamman in akwai tsoho a gidan ko mai asma ko mai ciwon suga ko hawan jini. Amma fa akwai abubuwan da dole ku sani a kanta, in ba haka ba ita kanta za ta iya sa ku saki jiki a daidai lokacin da ya kamata a ce kun ɗauki mara lafiya kun nufi asibiti, shi ya sa na ga gara in zauna in yi dogon bayani da in ba ta maki da taurari kawai in wuce.

Tawa irin ta gama-gari ce, ba ta cika tafin hannu ba, bakinta na buɗewa kamar abin maƙale shanya, ka zura yatsa ka danna maɓalli guda ɗaya shi ke nan. Batir biyu take ci ƙanana masu lamba AAA, kuma gaskiya ba ta da cin batir don da zarar ka zare yatsa sai ta kashe kanta. Cikinta akwai roba mai laushi, ba ta matse yatsa, Baba ma da ba ya son a dame shi in ba shi da lafiya bai taɓa ƙorafi a kanta ba. Ta wannan ɓangaren ba ni da abin cewa.

Inda na fara ganin aibinta shi ne fuskar. Lamba biyu take nunawa, ɗaya an rubuta SpO2 a samanta wato yawan oksijin da ke cikin jini, ɗayar kuma PR wato bugun zuciya a minti ɗaya, to a wannan tawa girmansu ɗaya launinsu ɗaya, rubutun da ke bambanta su kuma ɗan mitsitsi, ga shi in ka sake danna maɓallin sai fuskar ta juya, ta sama ta koma ƙasa. Wani dare ƙanwata ta auna Baba sai kawai muka ji ta saki salati wai oksijin ɗinsa ya sauka 78, hannunta har rawa yake, Baba kuwa yana zaune yana kallonta ya ce ke lafiyarki kuwa, ashe bugun zuciyar ta karanta, oksijin ɗin yana 96. Wallahi wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda hankalinsa ke tashe da tsakar dare, don haka in za ku saya ku nemi wadda lambar oksijin ɗin ta fi girma ko launinta daban.

Yadda take aiki kuwa abin sha'awa ne. Ba ta huda fata, haske kala biyu take turawa ta cikin yatsa, ja da kuma wani wanda ido ba ya gani, jinin da ya ƙoshi da oksijin da wanda bai ƙoshi ba kowanne da yadda yake shanye hasken nan, sai ta lissafa daga abin da ya ratsa zuwa ɗaya gefen. Wani injiniya ɗan Japan mai suna Takuo Aoyagi ne ya ƙirƙiro dabarar a farkon shekarun 1970. A asibiti an daɗe ana amfani da ita, amma lokacin korona a 2020 ne ta shiga gidajen mutane, saboda likitoci sun yi ta ganin marasa lafiya da oksijin ɗinsu ya faɗi ƙasa sosai alhali suna zaune suna hira suna danna waya, ba sa jin numfashinsu na sarƙewa, sai abu ya yi nisa a kawo su a makare. Wannan shi ne ainihin amfaninta a wurina, tana nuna maka abin da ido bai kai ga gani ba tukuna.

Mai lafiya yawanci oksijin ɗinsa daga 95 zuwa 100 yake. Ƙa'idar da hukumar lafiya ta Ingila ta ba masu jinyar korona a gida ita na bi don tana da sauƙin riƙewa: 95 zuwa sama a ci gaba da lura, 93 ko 94 a kira likita, 92 zuwa ƙasa a sake aunawa, in har bai tashi ba to asibiti nan take ba jira. Wanda ke da tsohon ciwon huhu shi lambarsa daban ce, likitansa zai gaya masa tasa.

To yanzu ga maganar da ta fi damuna, don Allah ku karanta nan da kyau. Na'urar nan ta fi yin kuskure a kan baƙar fata, kuma kuskuren ta ɓangaren da ya fi haɗari take yinsa, wato ta nuna lamba sama da gaskiyar abin da ke cikin jini. A Disambar 2020 wasu likitoci a jami'ar Mishigan da ke Amurka suka fitar da bincike inda suka kwatanta abin da na'urar ta nuna da abin da gwajin jini na gaske ya nuna, sai aka tarar a cikin waɗanda na'urar ta ce suna tsakanin 92 da 96, kusan kashi 12 cikin ɗari na ma'aunin baƙaƙen fata ainihin oksijin ɗin yana ƙasa da 88, na fararen fata kuwa bai kai kashi 4 ba. Kusan ninki uku ke nan fa. A Fabrairun 2021 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi a kan haka, ta lissafa launin fata da kaurinta da sanyin hannu da raunin gudun jini da shan taba da jan farce a cikin abubuwan da ke rikita ta, har ta ce ko na'urar da ta amince da ita in ta nuna 90 gaskiyar tana iya zama ko'ina tsakanin 86 da 94. Na duba takardar da ta zo cikin kwalin tawa gaba da baya, ko kalma ɗaya babu a kan launin fata, kuma wannan ya ɓata min rai sosai, don mutum zai ga 94 ya ce alhamdulillahi da sauƙi ya ja bargo ya kwanta alhali jikin na neman agaji.

Saboda haka ni yadda nake yi, ba na riƙe lamba ɗaya, tafiyar lambar nake bi. Ku auna kowa a gidan tun yana lafiya ku rubuta, ta haka kun san nasa na kullum. Baba nasa 97 ne in yana garau, to ranar da na ga yana ta maimaita 94 ban tsaya cewa ai bai kai 92 ba, na kira likita. Littafi na ajiye kusa da gadonsa, safe da rana da dare in rubuta lokaci da oksijin da bugun zuciya da zafin jiki, da muka je asibiti likitan ya karɓi littafin ya bi shi layi-layi, ya fi masa amfani da duk bayanin da za mu yi da baki.

Kuma aunawar ma da yadda ake yinta. Mutum ya huta kamar minti biyar tukuna, in hannun da sanyi a murza shi ya ɗumama, a goge jan farce in akwai, a ɗora hannun a ƙirji a bar motsi, sannan a jira lambar ta daina tsalle-tsalle ko da za a kai minti ɗaya, lambar farko da ta fito ba ita ba ce. Hasken rana mai ƙarfi ma yana rikita ta. Wani abin kuma da mutane ba su sani ba, wanda ya shaƙi hayaƙin janareta ko na gawayi a rufaffen ɗaki na'urar za ta iya nuna masa lamba mai kyau alhali gubar na cikin jininsa, don ba ta iya bambancewa, a nan kam kar ma ku ɗauko ta, waje da shi sai asibiti.

In kuwa mutum na haki ba ya iya ƙarasa magana sai ya tsaya ya ja numfashi, ko ƙirji na masa ciwo, ko ya fara rikicewa, ko leɓɓansa da dasashinsa sun canza launi sun yi toka-toka, ko barci ya danne shi da kyar ake tashinsa, to ko 98 ta nuna ku manta da ita ku tafi. Yara ƙanana kuma ta manya ba ta zama a yatsansu, lambar banza za ta yi ta ba ku. Su gara a ɗaga riga a ƙirga numfashi na minti ɗaya cur yaron na kwance shiru, hukumar lafiya ta duniya ta ce daga wata 2 zuwa 11 in ya kai 50, daga shekara 1 zuwa 5 in ya kai 40, numfashin ya yi sauri, haka in ƙasan haƙarƙari na lotsawa ciki duk ya ja iska.

Abu ɗaya da zan roƙi 'yan uwa masu yawan fargaba irin ƙanwata, kar na'urar ta zame muku abin dubawa kowane minti, lamba na hawa da sauka da ɗaya ko biyu ko a jikin mai lafiya, in ka zauna kana kallonta zuciyarka ce za ta yi ta bugawa a banza barci ya gagare ka, kuma mai jinya yana buƙatar barcinsa. Sannan ba kariya ba ce, ba ta hana kowa kamuwa. Mu dai ɗaki ɗaya muka ware wa Baba, taga a buɗe iska na shiga, duk mai shiga da takunkumi a fuska shi ma in zai iya ya sa, a wanke hannu da sabulu in an fito, na'urar kuma a goge cikinta da auduga da ɗan sifirit kafin wani ya sa yatsa tunda hannu da hannu take bi.

Tauraro huɗu na ba ta cikin biyar, ɗayan na cire shi ne saboda fuskar nan mai rikitarwa da kuma shirun da suka yi a kan baƙar fata. Kafin ku biya ku juya kwalin ku karanta, akwai waɗanda aka rubuta ƙarara cewa don 'yan wasanni da matuƙa jirgi aka yi su ba don marasa lafiya ba, irin waɗannan ba a tilasta musu gwajin da ake yi wa na asibiti, ku tambayi mai kemis ya ba ku wadda aka yi don jinya. In an samu lafiya za ku ajiye ta, ku cire batiran tukuna don kar su zubar da ruwa su ci ƙarfen ciki. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.