Daga Liyon zuwa Maradi: yadda ake kula da tsofaffi a gidajensu

Yaya, ina gaisuwa. Ya jikin Inna? Ranar nan layi ya yi ta yankewa ban samu na ba ki amsa ba, da kika ce wane irin aiki ne wannan da sai an binciki mutum kafin a ɗauke shi.

Gidajen tsofaffi nake shiga, in yi musu wanka, in sa musu tufafi, in dafa ɗan abinci, in raka su bayi. Abin da kowace 'ya take yi wa uwarta a unguwar Zariya ko Bagalam a Maradi ba wanda ya kira shi aiki, nan Faransa sana'a ce mai horo. Kafin in taka ƙofar kowa sai da na kawo takardar kotu mai nuna ba a taɓa yanke mini hukunci ba. Kamfanin namu ma sai da izinin hukuma yake aiki. Tun 2002 akwai tallafin da ake kira APA, na masu shekara 60 zuwa sama da ƙarfi ya fara barinsu. Ma'aikata ke zuwa har gida su duba: yana iya tashi da kansa? Yana gane mutane? Sai a sa shi a ɗaya daga cikin matakai shida. Na 1 shi ne wanda komai sai an yi masa, kuma daga 1 zuwa 4 ne ake taimaka wa da kuɗin masu zuwa kula da shi.

Amma ba kuɗin ne ya tsaya mini a rai ba. Wani kaye ne, wato littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Akwai wata tsohuwa da nake zuwa wurinta kowace safiya, nata yana kan teburin kicin. Duk wanda ya shigo sai ya rubuta, ni da malamar asibiti da ɗanta mai zuwa ranar Lahadi. “Ta sha ruwa kofi uku. Ta ƙi nama. Diddigen hagu ya yi ja.” Wannan jan diddigen, da ban rubuta ba da ya zama gyambon kwanciya. Kusa da kayen akwai ɗan akwatin magani mai gida-gida, kwana bakwai, safe da rana da dare. Malamar asibiti ce take cika shi. Ni ba ni da ikon ƙara ƙwaya ko rage ta, balle allura.

Ranar da na fara ganin akwatin nan, ledar magungunan Inna ce ta faɗo mini a rai. Na asibiti na ciki, na mai tallar magani da ya wuni a rana yana ciki, ga sassaƙen da Gwaggo ta kawo, kuma duk wanda ya zo dubiya likita ne. Ki tambayi gidan nan kaf ko Inna ta sha na hawan jini da safe, mutum uku za su ba ki amsa uku.

Ruwan sha ma lissafinsa ake yi, kuma da dalili. A watan Agustan 2003 zafi ya kashe mutum wajen 15,000 a ƙasar nan, yawancinsu tsofaffi, wasu su kaɗai a ɗaki. Tun daga nan ofishin magajin gari yake ajiye sunayen tsofaffi masu rauni, a riƙa kiransu in zafi ya tsananta. Da farko dariya na yi, na ce ai wannan ko bazarar Maradi bai kai ba. Sai malamar ta ce mini tsoho ba ya jin ƙishi ko jikinsa ya bushe. Inna ma sai an yi da gaske take sha.

Kada ki ɗauka komai zuma ne. Agogo ne uban gidanmu. Da waya nake shaida shigata da fitata, wani gidan minti talatin kawai aka ba ni, har da wanka. Tsohuwar nan takan riƙe mini hannu tana labarin mijinta, ni kuwa idona na kan ƙofa. Albashin ba shi da yawa, ma'aikata na ta barin aikin, a mako guda sai ta ga baƙin fuska huɗu suna tuɓe mata riga. Tana da ɗan maɓalli a wuya da za ta danna in ta faɗi. Daren da ta faɗi ɗin, ta cire shi ta bari a ɗakin wanka, sai da na zo da safe na tarar da ita a ƙasa. Inna kuwa ko tari ta yi, kafin ta rufe baki jikoki sun cika ɗakin.

Zan ba wani mai tahowa Yamai akwatin maganin, sai a sa miki a mota. Ke kuma ki sayi kaye ki rataye da biro a ƙofar Inna, wanda ya ba ta magani ya rubuta. A kira mai walda ya kafa ƙarfen dafawa a bayi, a kuma ɗauke tsohuwar tabarmar nan mai naɗewa a bakin ɗaki. In Gwaggo ta yi fushi saboda sassaƙenta, ki ce ni na ce. A gaida Inna da kyau.