Gwajin masu saurin damuwa da ƙara da wari: ma'aikaciyar ta iya, takardar ce da gyara

Jama'a wanda ke da ɗan uwa irin ƙanwata, wadda ƙarar injin niƙa ke sa ta toshe kunne, warin fetur ya hana ta cin abinci, to akwai wani ɗan ofishin masu duba halayyar ɗan adam a Dutse da ke yin gwajin wannan abu, mu daga ƙauyenmu na wajen Jahun muka je.

Matar da ta karɓe mu gaskiya ba ta da matsala, ba tsawa ba gaggawa, kuma tun farko ta ce mana wannan ba ciwo ba ne ba kuma aljanu ba, yanayin halitta ne, wasu jikinsu ya fi saurin ɗaukar ƙara da haske da taɓawa.

Inda na ga gyara ita ce takardar tambayoyin. Wadda Elaine Aron ta Amurka ta fitar ce a 1997, tambaya 27, kowace ka ba ta maki daga 1 zuwa 7, sai dai nan take matar ke juya ta daga Turanci da baki. Ana tambayar yarinya ko kofi na damunta, ita da ba ta taɓa sha ba, ai goro da shayi mai kauri ya kamata a ce. Ana maganar jiniya, mu jiniya sai gwamna zai wuce. Ina lasifikar gidan biki, ina janareto, ina ƙaiƙayin gero lokacin sussuka da ke sa ta kuka?? Maki bakwai ɗin ma sai da aka koma ƙirga da yatsu.

Ma'aikaciyar da kanta ta ba mu labarin cewa a ƙasar Folan da ke Turai ba haka suka yi ba, masana suka fassara ta zuwa yarensu, sannan aka gwada ta kan mutane da yawa a ga ko tambayoyin na auna abin da ake so kafin a fara aiki da ita, kuma bisa ƙa'ida har sake mayar da fassarar ake yi Turanci don a gano inda ma'ana ta zame. To mu me ya hana jami'o'inmu na Kano da Dutse?

Shawarwarinta dai sun yi amfani, yanzu ba a aiken yarinyar niƙa, an kuma daina matsa mata sa kaya masu kaushi. Kuɗin ba yawa, mota ce ta fi cin mu. Na ba su uku cikin biyar, ku je da wanda ya san yaron sosai don zai taimaka wurin amsawa.