Auna Lafiyar Aljihun Jami'a: Girman Wakafi ko Ma'aunin CFI?

A Amurka, mutane sun fi son duba dukiyar wakafin jami'a, wato kuɗin da masu kyauta suka bayar ana juya su. Hanya ce mai sauƙi: Harvard na da sama da dala biliyan 50, shi ke nan, magana ta ƙare. Amma yawancin kuɗin wakafi ɗaure suke da sharuɗɗan masu bayarwa. Kwalejin Sweet Briar ta jihar Bajiniya na da fiye da dala miliyan 80 a 2015, duk da haka ta sanar za ta rufe, sai da tsofaffin ɗalibanta suka ceto ta.

Ma'aunin CFI kuwa (Composite Financial Index, wato maki ɗaya da ke taƙaita ƙarfin kuɗin jami'a) ya fi wuyar lissafi. Yana haɗa abubuwa huɗu: ajiyar da za a iya kashewa idan aka gwada ta da kuɗin gudanarwa (kashi 35 cikin ɗari na makin), ajiyar nan idan aka gwada ta da bashi (35), bunƙasar kadarori (20), da rarar shekara (10). Maki 3 ne ake ɗauka matakin lafiya.

Ni dai na fi karkata ga CFI, muddin za a duba na shekaru da dama, domin tashin kasuwar hannun jari na shekara ɗaya kan kumbura makin.