Masta a fannin koya wa kwamfuta gane hoto: ɗan Yamai ina zai nufa?

Ɗalibin da ya gama lisansi a lissafi ko kwamfuta a Jami'ar Abdou Moumouni, yana son ya zama mai bincike a fannin ƙirƙirarriyar basira, hanyoyi uku ne ke gabansa, kuma ba ɗaya suke ba a kuɗi da wahala.

Faransa ce ake fara ambata, saboda harshe. Mastar MVA ta babbar makarantar ENS Paris-Saclay ta yi suna wajen lissafi da nazarin hoto, da yawa daga waɗanda suka fito daga cikinta kan samu wurin yin doktora. Sai dai shigarta wuya gare ta, kuma tun da aka rufe ofishin jakadancin Faransa a Yamai a farkon 2024, biza ma ta zama aiki ja.

Ni da ƙanena ne, Kigali zan nuna masa. Can aka buɗe shirin AMMI, mastar ƙirƙirarriyar basira ta cibiyar lissafi ta Afirka (AIMS), a 2018, ƙarƙashin Moustapha Cissé ɗan Senegal, da tallafin Google da Facebook: shekara guda, karatu da masauki kyauta ga wanda aka ɗauka, sai dai daga baya shirin ya koma Senegal. A birnin kuma akwai reshen jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka, mai tsada, in ba ka samu tallafin Mastercard Foundation ba. Duka biyun da Turanci ake karantarwa. Wanda bai iya ba ya fara koyo tun yanzu, don takardun bincike na manyan tarukan masana fannin irin su CVPR duk da shi ake rubuta su.

Zama gida fa? Kada a raina shi. Cibiyar AGRHYMET tana nan Yamai tun 1974, aikinta bin yanayin damina da amfanin gona da hotunan tauraron ɗan'adam. Hotunan tauraron Sentinel-2 kyauta ne, ɗigo guda na hoton mita 10 ne a ƙasa, sun isa a gwada bambanta gonar hatsi da fako a karkarar Tawa. Matsalar ita ce samun malamin da zai riƙe hannunka a wannan fanni, ga ɗaukewar wuta lokacin zafi.

Kwamfuta mai GPU, wato na'urar da ke hanzarta lissafin koya wa kwamfuta, kada ta ci maka dukiya tun farko. Shafin Kaggle na ba da kusan awa 30 na GPU a mako kyauta ta intanet, shafin Colab ma haka yake taimakawa.

Kafin ka cike takarda ko'ina, buɗe Google Scholar, shafin neman takardun bincike, ka duba sunan malamin da zai koyar da kai: me ya wallafa a shekaru ukun nan, kuma ɗalibansa na baya ina suke yanzu.