Garejin dizal na bayan Ƙofar Ruwa da matsalar silon Hilux ɗina

Motata Toyota Hilux ce ƙirar 2012, mai injin dizal na lita 2.5 wanda makanikai ke kira 2KD, kuma da ita nake jigilar buhunan hatsi daga ƙauyuka zuwa kasuwar Dawanau. Tun farkon hunturu silonta ya ƙi zama wuri ɗaya: idan na tsaya a danja na ɗauke ƙafa daga totur, sai allurar da ke nuna juyin inji ta gangaro kusa da 500 har motar ta kama karkarwa kamar za ta mutu, sannan ta zabura ta haura 900 ba tare da na taɓa komai ba. Idan kuma na ɗauko kaya ina hawan gada, takan yi kamar an riƙe ta ta baya kafin ta saki.

Bakaniken da na fara kai wa ya kasa kunne na minti biyu, ya yanke hukuncin cewa nozul huɗun da ke fesa mai cikin inji duk sun mutu. Kuɗin da ya ambata ne ya sa na nemi wata shawarar, har wani abokin sana'a ya kwatanta mini wani gareji a bayan kasuwar Ƙofar Ruwa da ba a taɓa komai a cikinsa sai injin dizal.

Wurin ba shi da abin burgewa a ido, domin rumfar kwano ce da benci ɗaya da ƙasa wadda baƙin mai ya rine. Amma maigidan bai fara da buɗe bonet ba. Tambayarsa ta farko ita ce: "Alhaji, a ina kake shan mai?" Na amsa masa da gaskiya cewa idan tafiya ta kai ni ƙauye nakan sayi na jarka a wurin 'yan bumburutu. Bai ce komai ba, sai ya jona na'urar kwamfuta a ƙasan sitiyari. Na'urar ba ta nuna lambar wata matsala ba, kuma a nan ne da yawa suke ninke wayarsu su ce mota lafiya lau take. Shi kuwa ya bar injin yana aiki, ya nuna mini lambobi biyu a jere: ƙarfin matsin man da kwamfutar motar ke nema a cikin bututun da ke raba wa nozuloli mai, da ƙarfin da ake samu a zahiri. Na farkon yana tsaye cik, na biyun yana lilo sama da ƙasa daidai da yadda allura ke yi. Daga nan ya duba gyaran da kwamfutar ke yi wa kowane nozul, ya ga duka huɗun suna kusa da sifili, sannan ya ƙara tabbatarwa da kwalabe huɗu da ya tara man da ke komowa daga kowannensu, suka cika kusan daidai wa daida. Nozulolin da aka ce in zubar ashe lafiyarsu ƙalau.

Abin da ya fi burge ni shi ne gwaji na gaba, wanda bai ci komai ba sai guntun tiyo mai garai-garai. Ya sa shi tsakanin filtar mai da famfon da ke tura mai zuwa nozuloli, muka tsuguna muna kallon ƙananan kumfa suna bin man kamar jerin tururuwa. Iska ce ke shiga ta ɗan famfon hannu da ke saman filta, wanda robarsa ta tsage saboda tsufa. Da ya kwance ƙasan filtar ya tsiyaye ta a gwangwani, ruwa ne ya fara fitowa, sannan wani laka mai ruwan ƙasa ya biyo baya. Aka canza filtar haɗe da famfon hannun da ke samanta gaba ɗaya, rawar allura ta ragu sosai, amma ba ta daina ba.

Washegari ya koma kan babban famfon man kansa, ƙirar kamfanin Denso, ya kwance wani ɗan bawul da kusoshi biyu ke riƙe da shi a bayansa, wanda ake kira SCV. Aikinsa shi ne auna yawan man da famfo zai zuƙa, kuma da yake man dizal ɗin ne da kansa ke sa masa santsi, man da aka gauraya da kananzir ko mai ruwa yakan goge shi har ya riƙa maƙalewa. Ya miƙo mini ɗan ƙarfen da ke kai-komo a cikinsa ya ce in bi da farce, na kuwa ji kaushin zane-zanen da ke jikinsa. Ya haɗa ni da yaronsa muka shiga kasuwa na sayo sabo da kuɗina, ya gwada lambar jikinsa da ta tsohon kafin ya ɗaura, sannan ya sake jona na'ura domin kwamfutar motar ta koyi halin sabon bawul ɗin, matakin da ya ce in an tsallake shi silo kan ci gaba da rawa ko da kayan sabo ne.

Ba zan ɓoye abin da bai yi mini daɗi ba. Kuɗin gwajin kwamfuta daban yake da kuɗin aiki, kuma ba a gaya mini haka ba sai da na zo biya. Ba sa ba da rasit, babu inuwar kirki ga mai jira, kuma yaran sun bar shatin hannu na baƙin mai a kujerar direba. Kwana biyu motar ta yi a wurin, asara ce ga mai jigila. Duk da haka, jimillar abin da na kashe bai kai kuɗin nozul biyu ba.

Mako shida ke nan, na yi sawu tara zuwa Dawanau da cikakken lodi, kuma allura na zaune a wajen 700 ko da na kunna na'urar sanyaya mota. Ya gargaɗe ni cewa bawul ɗin da ke mayar da hayaƙi cikin inji ya fara tara baƙin toka, don haka zan mayar masa da motar a wanke shi bayan an gama kakar gyaɗa.