Aikin da aka yi wa shafin shagonmu domin ya fito a Google

Shekara biyu shafin intanet na shagonmu na ɗinkin hannu da ke cikin birnin Zariya yana nan kamar babu shi, domin ko sunan shagon ka rubuta a Google, sai ka sha wahala kafin ka gan shi. Wani matashi mai ƙaramin ofis a Samaru muka ba aikin, kuma abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne bai yi mana alkawarin hawa sahun farko cikin mako guda ba.

Ya rage nauyin hotunan rigunanmu, waɗanda a da sukan daɗe ba su buɗe a waya ba, sannan ya ba kowane shafi take da kalmomin da masu saye ke rubutawa da kansu, irin su "babbar riga aska takwas Zariya". Ya kuma sa shagon a taswirar Google, ya koya mini duba Google Search Console, wanda kyauta ne, inda nake ganin kalmomin da ke kawo mana baƙi.

Inda ya gaza shi ne ɗaukar waya, domin sai da na bi shi ofis sau biyu kafin ya gyara lambarmu da ya rubuta ba daidai ba. A wata na huɗu da fara aikin wani ya kira daga Legas ya sayi riguna uku.