Bizit ɗin direbobi da na yi a Garwa, ga yadda na same shi

Bana patron ɗinmu, wato mai motocin da muke tuƙawa, ya ce babu direban da zai sake karɓar makulli sai ya kawo takardar likita sabuwa, wato bizit, kuma ba ta kowane asibiti ba, sai wani kilinik da suka yi magana da shi nan cikin Garwa, a arewacin Kamaru. Ba zan faɗi sunansa ba, amma tunda 'yan uwa direbobi suna ta tambaya ko a je ko kar a je, bari in faɗi abin da idona ya gani.

Mu da muke ɗauko kaya daga tashar jirgin ƙasa ta Ngaundare mu sauko falez, gangaren dutsen nan mai haɗari, mu wuce Garwa, Marwa, Mora, Dabanga har Kusiri mu haye gadar Ngeli mu shiga Njamena, kowa ya san yadda ake samun takardar nan a wasu wurare, ka miƙa kuɗi da katin shaida a buga maka hatimi, ko hannunka ba a taɓa ba. To nan ba haka suke yi ba, kuma shi ya sa nake yaba musu.

Da ido aka fara. An tsayar da ni nesa da allo, aka rufe min ido ɗaya da ɗan kwali, in karanta haruffa daga manya har ƙanana, sannan aka juya ɗayan. Wani dattijo da ke gabana bai yi boko ba, sai yarinyar da ke yin gwajin ta canza masa allo mai alama ɗaya kamar tsefe, ta ce da shi cikin Fulatanci Baba nuna min da hannu inda haƙoransa suka kalla, wallahi abin ya burge ni, babu wulaƙanci ko kaɗan. Daga nan ta buɗe wani littafi mai ɗige-ɗige kala-kala da lamba a ɓoye ciki, na gane ja da kore ne ake dubawa saboda danja. Aka duba kunne, aka sa na ɗaga ƙafa na murza wuya, aka karɓi fitsari.

Inda maganar take shi ne tansiyo, wato awon hawan jini. Ta ɗaura min abin a dantse ya matse, ta kalli lamba ta yi shiru, ta ce Alhaji ka zauna ka huta tukuna, kar ka sha goro kar ka sha shayi, za mu sake. Aka sake, bai sauka ba sosai. Likita ya kira ni ciki ya zaunar da ni, ya ce duk wanda nasa ya kai 14 bisa 9 (wato 140 bisa 90) ko ya wuce, aka auna aka sake aunawa a wata rana yana nan, to hawan jini ne, kuma shi ba ya sallama, mutum yana cin tuwonsa lafiya lau yana jin ƙarfinsa ranar ɗaya ya yanke jiki ya faɗi. Ni dai da ya faɗi haka falez ce ta zo min a rai, mota cike da siminti tana gangara, yaron mota na barci a gefe, ga ƙananan motocin ajans, wato na fasinja, cike da mata da yara suna hawowa. Hannu ɗaya ya mutu a kan sitiyari a wurin nan, ai ba ran direba kaɗai ba ne. Bai hana ni takarda ba, ya ce in dawo a sake aunawa, in rage gishiri da magi da Nescafé ɗin da muke ɗirkawa da dare don kar barci ya ɗauke mu, da na koma ya rubuta magani sannan ya sa hannu. Ya kuma tambaye ni kai tsaye ko ina shan tramol, babu kwana-kwana, na ce a'a, amma na ji daɗin tambayar don mun san yadda ƙwayar nan ta cinye samari a tasha.

Abin da bai min daɗi ba, babu wanda ya gaya mana tun farko a zo ba a karya ba saboda gwajin suga. Rabinmu mun sha koko da ƙosai kafin mu zo, aka ce sai gobe, kuma direba in ya rasa yini ɗaya lodi ya rasa, wani ya shige layinsa. Kira ɗaya a waya ya isa ya gyara wannan. Ga jira, benci biyu ne a waje cikin zafin Garwa, babu ko randar ruwa, likita kuma shi kaɗai ne. Takardar sakamakon ma duk Faransanci, da ba don yarinyar nan ta tsaya ta yi wa dattijon bayani ba da haka zai ninke ta ya sa aljihu.

Sannan maganar barci sama-sama aka yi ta, alhali shi ne ke kashe mu a hanyar Waza, tsakanin Mora da Dabanga. Akwai masu minsharin da numfashi ke tsaya musu cikin dare, su tashi a gajiye su yi ta gyangyaɗi a kan tuƙi, ina ganin ya kamata a riƙa tambayar wannan da gaske.

Wanda zai je ya je da sassafe da cikinsa wayam, ya riƙe permi, wato lasisin tuƙi, da katin shaida, mai tabarau ya zo da shi, mai shan magani ya zo da kwalin don likita ya gani.